SAKAKKEN KARE, ALHAKINSA YANA WUYAN MAI SHI

Jawabin da kwamitin lafiya da walwalar jama'a ya gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a garin Tsafe.

 



Wataƙila wasu daga cikinmu su yi mamaki da jin cewa a cikin matsalolin da suka dabaibaye ƙasarmu, na tsaro da na hanya da na makarantu, batun kare muka zaɓa mu yi magana a kansa bana. Dalilinmu shi ne ƙorafe-ƙorafen da suka riƙa zuwa wa kwamiti daga rassanmu na birane da kuma nan gida, kuma kusan dukkansu launinsu ɗaya. Wani yana da karen gadi a ɗaure, karen maƙwabci da aka saki ya shigo ya yi masa kaca-kaca. Wani yaronsa ya fita da kare a sarƙa, wani sakakken kare ya auka musu, yaron ya sa hannu zai raba, shi ma ya sha cizo. Wata kuma akuyarta ce karnukan unguwa suka yaga da dare. A ƙarshen kowane labari akwai abu biyu: zumuncin da ya lalace tsakanin maƙwabta, da fargabar ciwon haukan kare, wanda idan ya bayyana a jikin mutum sai dai a yi masa addu'a. Abin da ya shafi rai da zumunci kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

MATSAYIN KARE A WAJENMU

Kakanninmu sun san kare, sun kuma san iyakarsa. Daga Bilbis zuwa 'Yankuzo, daga Keta zuwa gindin dutsen Kwatarkwashi, ba a rasa kare a gidan maharbi, ko a rugar makiyayi, ko a bukkar mai tsaron gona. In rani ya yi aka buga gangar farauta, kowane ɗan farauta yakan fito da karnukansa a igiya, ba ya sakinsu sai an shiga dawa. Kowane kare an san mai shi, an san sunansa, in ya yi ɓarna an san ƙofar da za a je a yi sallama.

Wannan tsari yana da tushe a cikin addini. Alƙur'ani Mai girma, a Suratul Ma'ida, ya halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Hadisai ingantattu sun yi izinin riƙon kare saboda farauta da kiwo da tsaron gona, sun kuma yi gargaɗin cewa ladan mai riƙonsa ba da dalili ba yana raguwa kullum. Haka nan Shehu Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, ya tsayar da zancen a kan waɗannan dalilai uku a cikin Risala, littafin da babu zauren karatu a ƙasar nan da ba a karanta shi. Masu sharhin littafin sun kawo labarin cewa da katangar gidansa ta faɗi a zamanin rashin tsaro, shi kansa ya ajiye kare, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Imamu Malik ya riski irin wannan zamani da ya ajiye abin da ya fi kare. A kan irin wannan ne malamai da dama suka yi sassauci game da karen gadin gida idan buƙata ta kama.

Saboda haka, 'yan'uwa, riƙon kare izini ne da aka bayar saboda aiki, kuma izinin yana tafe da nauyi. Addinin da ya ba mu labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, shi ne kuma ya lissafa kare mai cizo cikin dabbobin da aka yarda a kashe ko da a cikin Harami. Tausayin dabba da kare mutane daga cutarta duk umarni ne daga wuri guda.

ABIN DA YA SAUYA

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. Na farko ya shafe mu mazauna birane. Tsoron ɓarayi ya sa da yawa daga cikinmu sun sayi manyan karnukan ƙasashen waje, irin su Alseshan da Rotwaila, waɗanda ƙarfinsu da nauyinsu ya ninka na karen gida. Sai mai gida ya saya da tsada, ya damƙa wa maigadi ko yaran gida, shi kuwa ya tafi ofis. Ba horo, ba takunkumi, wani lokaci ko allura babu. Da dare a kwance shi a tsakar gida, da asuba mai zuwa masallaci ya bar ƙofa a buɗe, kare ya fice. Hausawa sun ce kowane kare a ƙofar gidansu zaki ne, to wannan zakin yakan ɗauki layin unguwa duka a matsayin ƙofar gidansu.

Na biyu ya shafi gida. Tun daga wajen shekarar 2011 da fitinar 'yan bindiga ta kunno kai a Jihar Zamfara, ƙauyuka da yawa sun watse, mutane sun yi gudun hijira zuwa Tsafe da Gusau da sauran garuruwan bakin titi. Wanda ya gudu da tsakar dare da 'ya'yansa a kafaɗa ba ya tsayawa neman igiyar kare. Karen da ya rasa mai shi kuwa juji da bayan mahauta da tasha ne wurin cin abincinsa, a can yake haihuwa, kwikwiyon da ya tashi a can bai san hannun mutum ba balle allura. Irin waɗannan su ne ke haɗuwa da karnukanmu na gida da dabbobinmu da yaranmu masu zuwa makarantar allo da sassafe.

IDAN ABIN YA AUKU A GABANKA

Mu ƙaddara kana tafe da karenka a sarƙa, sai ga wani ya taso muku. Abu na farko shi ne ka tsaya, kada ka ruga, domin gudu yana ƙara zuga kare. Ka ja naka zuwa bayanka, ka daka wa wancan tsawa da murya mai kauri, ka sa wani abu tsakaninku, ko sanda ko jaka ko kujera. Sau da yawa wannan kaɗai yakan isa. In ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi: karen da ya sandare, ya kafe ku da ido, gashin bayansa ya miƙe, ya riga ya sanar da niyyarsa, sai a ja da baya sannu a hankali ba tare da an juya masa baya ba.

In kuwa sun riga sun sarƙe, babbar doka ita ce kada hannu ya kusanci bakinsu ko wuyansu. Kare a cikin faɗa ba ya bambance ubangidansa da abokin gabarsa, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kaiwa asibiti a irin wannan hali masu rabon faɗa ne. A fara janye yara daga wurin. A kwara wa karnukan ruwa mai yawa a fuska, ko a buga kwano ko ƙaho da ƙarfi, ko a jefa musu bargo ko buhu a kai, ko a cusa faifan katako ko murfin durom a tsakaninsu. Kada a fizgi karen da aka riƙe da haƙori, domin fizgar ita ke mayar da huda ta zama yaga. Duka da sanda kuwa sau da yawa ƙara musu zafi yake yi. Da zarar sun rabu a shigar da ɗaya cikin gida a rufe ƙofa, a kuma yi hattara da naka karen, domin mai jin zafin rauni yana iya cizon ko wane ne.

Kafin jama'a su watse, a tabbatar da abu uku: karen wane ne, su wa suka gani, kuma ko an yi masa allura. A ɗauki hoton karen da na raunin da waya. Ba a yin haka domin neman fitina. Likitan dabbobi zai buƙaci bayanin, mai unguwa ma zai buƙace shi.

SA'A TA FARKO

Idan mutum ya samu cizo ko yaƙushi, ko yawun kare ya taɓa masa wani rauni, komai ƙanƙantarsa, shi za a fara dubawa. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15, a duba agogo, kada a yi ƙiyasi. Sannan a shafa aidin idan akwai, a nufi asibiti a ranar. Toka da barkono da ƙonannen gashin kare da sauran abubuwan da akan tura a rauni ba sa kashe ƙwayar cutar, sai dai su ƙara wa raunin datti. A asibiti akan yi allurar rigakafin haukan kare kashi-kashi: ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, da wata tsakanin rana ta 14 da ta 28, ko kuma bisa wani tsarin da likita ya zaɓa. Idan cizon ya yi zurfi akwai wata allura ta musamman da ake yi a jikin raunin kansa, ga kuma ta rigakafin sarƙewar haƙora. Wanda ke gida ya fara da Babban Asibitin Tsafe, idan an tura shi gaba ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau. Wanda ya fara allura ya daure ya ƙarasa ta.

Dalilin wannan gaggawa shi ne halin cutar. Ƙwayarta tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga ta rauni, ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata 2 zuwa 3, tana iya gajarta zuwa mako guda ko ta kai shekara. A cikin wannan tsakani rauni ya warke, an manta da zancen, alhali wannan ne kaɗai lokacin da allura ke da amfani. Ranar da mutum ya fara firgita da ruwa da iska, magani ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kimanin 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin takaicin shi ne rigakafin ya daɗe a duniya: tun a watan Yulin 1885 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da shi. Saboda haka iyaye su sabar wa yara faɗin gaskiya idan kare ya cije su, kada tsoron duka ya sa yaro ya ɓoye abin da zai kashe shi.

Bayan mutum sai dabba. Raunin cizon kare mayaudari ne: a waje ƙaramar huda, a ciki nama ya dagargaje, bayan kwana biyu ya kumbura ya yi ruwa. A ɗaure bakin karen da takunkumi ko ƙyalle, a rufe hannu da safa ko leda, a wanke raunin, a kai shi asibitin dabbobi ko da yana tafiya da ƙafarsa. Idan yana da allura, likita zai ƙara masa wata nan take, ya sa a tsare shi a sa masa ido. Idan ba shi da ita, kuma ana zargin wanda ya cije shi, hukuncin yana da nauyi: ko tsarewa ta watanni a inda ba ya haɗuwa da kowa, ko a kashe shi. Akuya da tunkiya da saniya da jaki su ma suna kamuwa, don haka su ma a nuna wa malamin dabbobi.

Shi kuwa karen da ya yi cizon, a ɗaure shi kwana 10 ana ba shi ci da sha ana lura da shi. Idan ya wuce kwana 10 lafiya lau, alama ce ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwanakin ba, zai fara allurarsa. Mu kuma sani ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizon abin da ya tarar ba. Wani lafewa yake yi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na zuba, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya tura hannu. Idan karen ya mutu ko dole ta sa an kashe shi, kada a fasa kansa, kada a jefar da gawar a juji, a kira ma'aikatan dabbobi, domin ƙwaƙwalwar ake aunawa a wurare irin su Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924. Haka nan kada kwaɗayin 'yan kuɗi ya sa a sayar da karen da ake zargi ga fataken karnuka masu kai su kasuwannin Jihar Filato. Wanda ya yi haka ya aika wa wasu bayin Allah da mutuwa a mota.

WA ZAI BIYA?

A nan ne zumunci ke karyewa, alhali malamanmu sun daɗe da warware zancen. Suratul Anbiya'i ta ba mu labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a kan tumakin da suka shiga gona da dare. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin da aka yanke a kan taguwar Barra'u ɗan Azib da ta yi ɓarna a wata gona, inda aka ɗora wa masu dabbobi biyan abin da dabbobinsu suka ɓata da dare. Game da kare mai cizo, malaman Malikiyya sun ce idan an gargaɗi mai shi bai ɗauki mataki ba, to biyan abin da karen ya ɓata yana kansa. Risala kuma ta bayyana cewa wanda ya kashe karen da aka yi izinin riƙonsa zai biya ƙimarsa. Ashe karen maharbi da na makiyayi dukiya ce mai alfarma, ba a cewa ai kare ne kawai.

Darasi biyu ke cikin wannan. Mai sakakken kare ya sani cewa kuɗin magani da na allura da ƙimar abin da ya mutu suna wuyansa, kuma mutunci shi ne ya riga zuwa da ban haƙuri kafin a zo masa. Wanda aka yi wa ɓarna kuma ya sani cewa gargaɗi a gaban shaidu yana da muhimmanci, don haka tun ranar da ya fara ganin karen yana yawo ya kamata ya sanar da mai shi da mai unguwa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ramuwa da guba. Naman da aka sa wa guba aka jefa ta katanga bai san kare ba, bai san kaza ba, bai san yaro mai rarrafe ba. A bi matakai: maƙwabci da maƙwabci, sannan mai unguwa da limami, sannan dagaci ko hakimi, in ta ƙi sai alƙali. Mazauna birane kuma su fara da shugabannin unguwa ko na rukunin gidaje, sannan 'yan sanda da sashen dabbobi na hukuma.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Tun a farkon shekarun 1940 aka yi dokar karnuka a Nijeriya, wadda ta tanadi lasisi da matakan daƙile ciwon hauka, kuma a 2022 aka sabunta dokar yaƙi da cututtukan dabbobi. A Ingila, tun 1991 laifi ne mutum ya bar karensa ya zama haɗari ga jama'a. Dokoki suna nan, masu aiki da su ake nema.

KIRANMU GA 'YAN ƘUNGIYA

Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, aka kuma dawwama a kai, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Ta wannan hanya ƙasar Meziko ta samu shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta shawo kan haukan kare mai kama mutane, kuma hukumomin duniya sun sa shekarar 2030 a matsayin lokacin da ake fatan daina rasa rai ta wannan hanya. Allurar kare guda ba ta kai kusa da kuɗin allurar mutum guda da aka ciza ba. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari kamar haka. Na ɗaya, duk ɗan ƙungiya mai kare ya yi masa allura tun yana wata 3, ya riƙa sabunta ta kowace shekara, ya adana katin. Na biyu, kada kare ya fita ƙofar gida sai da sarƙa a hannun babba mai iya riƙe shi, mai cizo kuma a sa masa takunkumi. Wanda ba zai iya ciyar da kare da tsare shi ba ya haƙura da shi. Na uku, ƙungiya ta ware wani abu daga asusunta, ta haɗa kai da sashen dabbobi na Ƙaramar Hukumar Tsafe da shugabannin maharba da ardo-ardo, a yi gangamin allurar karnuka kyauta a kowace ranar 28 ga Satumba, ranar da duniya ke tunawa da wannan cuta, tun kafin a shiga farautar rani. Na huɗu, a buɗe ƙaramin asusun gaggawa domin marasa hali da 'yan gudun hijira da aka ciza, kada rashin kuɗin allura ko na mota zuwa Gusau ya sa a rasa yaro. Na biyar, 'ya'yanmu likitocin dabbobi da suka yi karatu a Zariya da Sakkwato, da ɗaliban kwalejin kiwon lafiya da ke nan Tsafe, su ba da kwana guda a shekara domin wayar da kan jama'a a makarantu da kasuwanni.

Muna roƙon Mai Martaba, Allah ya ƙara masa lafiya, da ya umarci masu unguwanni su san masu karnuka a unguwanninsu. Muna roƙon malamanmu su sa wannan batu cikin huɗuba da wa'azi, domin haƙƙin maƙwabci ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya kawo mana ƙarshen fitinar da ta raba mutanenmu da gidajensu, ya mayar da kowa gonarsa lafiya. Allah ya tsare mu da zuriyarmu da dabbobinmu daga cuta, ya ƙara mana zumunci, ya mayar da baƙinmu masaukansu lafiya. Allah ya ɗaukaka Tsafe da Jihar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya.